Kwat ɗin da Magagi Ya Kai Bugu

In kana neman wanda ya san komai a Filinge, kada ka wahalar da kanka. Ka je bakin tasha, ka nemi rumfar cajin waya mai jan fenti, ka yi sallama. Ko ba ka yi tambaya ba Magagi zai ba ka amsa. Ya taɓa zuwa ci-rani Kwatano shekarun baya, bai ma daɗe ba zazzaɓi ya koro shi gida, amma tun daga ranar babu abin da ke doron ƙasa da bai gani ba a bakin teku. In akuyarka ta ƙi cin dusa, ya san dalili. In jirgin sama ya wuce, ya san inda za shi da abin da direban ya karya kumallo da shi. Mu ƴan fadarsa mun saba, muna kurɓar shayi muna gyaɗa kai, tunda shayin nasa ne.

Wadda ta gaji da gyaɗa kai ita ce matarsa Samiratu. Tela ce, kuma da keken ɗinkinta take rufa wa gidan asiri, har da shayin da muke sha in za a faɗi gaskiya. Wata rana keken ya fara tsallake zare, ta ce a kira mai gyara. Magagi ya ce ina, asarar kuɗi ce, shi da ya ga injin jirgin ruwa da idonsa. Ya kwance keken tas a kan tabarma, ya mayar, ƙarafa suka yi ragowa cikin kwano, keke kuwa ko motsi. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya ƙona mata rai shi ne, da mata suka zo karɓar ɗinkinsu, sai ya leƙo ya ce musu ai Samiratu ce ta karya shi da nauyin ƙafa, ya sha yi mata magana ba ta ji. Washegari ta goya ƴarsu Muna, ta hau motar Bonkuku, sai gidan ubanta.

Da farko Magagi ya ce mu zuba ido, da ƙafarta za ta dawo. Muka zuba ido har shayi ya koma ruwan zafi. Mutumin ya rame, dariyarsa ta ragu, wata safiya ma na same shi yana wanke ɗan kwanon Muna alhali ba a ci komai a ciki ba. Yana son matarsa, wannan ni shaida ne, bakinsa ne kawai ya fi ƙarfinsa. Ana cikin haka saƙo ya zo daga surukinsa Malam Hamidu: in aka gama sussukar bana ba a zo biko ba, to a aiko wa ƴarsa da takardarta, shi bai gaji da ciyar da ita ba.

Kawunsa Kailu, wanda shi ya riƙe shi tun yana yaro, ya zo rumfar ya zauna.

"Abin ba shi da wuya," in ji Kawu. "Ka sa kaftaninka, mu sayi goro, mu tahi. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka ce ka yi kuskure. Durƙusa ma wada ba gajiyawa ba na."

"Kawu, kai mutumin da na," in ji Magagi. "Duniya ta canza. Mutanen Bonkuku sun raina ni don kullum cikin kaftani sukan gan ni, awa kowa. In na sauka cikin kwat irin ta manyan birnin Yamai, tsohon da kainai za shi miƙo min ita, har da haƙuri."

"Kwat? Cikin kaka, da wanga zahi?"

"Manya ba su jin zahi, Kawu."

"To ai kai ba babba na ba."

"Abin da za mu gyara ke nan."

Ranar kasuwa muka raka shi wajen Haske mai gwanjo, kayan da a nan muke ce wa bosho. Haske irin ɗan kasuwar nan ne da zai sayar maka da bargo a tsakiyar bazara, ka tafi kana yi masa godiya. Ya zaro kwat uku ya rataye a igiya. Ta farko mai nauyi ce, ruwan toka, in ka murza ta ka saki sai ta koma sumul, kuɗinta kuɗin rago. Ta biyu ba yabo ba fallasa, kuɗin ɗan akuya. Ta uku baƙa ce wuluk, mara nauyi, tana sheƙi kamar bayan buzuzu, ita kuwa da zabbi biyu sai ka tafi da ita.

Magagi ya ce mu ja baya mu ga yadda ake zaɓen kaya. Ya shinshina ta farko, ya ɗaga ta biyu yana hangen rana ta cikinta, ya ciji maɓallin ta uku kamar mai gwada azurfa.

"Wagga ta," ya ce.

"Ɗauki mai tokar nan, Magagi," in ji Haske. "Ita ɗinki ta ciki da waje, har jikanka shi gaje ta. Wagga baƙar da manne anka haɗa ta. Araha ba ta ado."

"Wagga karin magana ku ƴan kasuwa kunka ƙirƙiro ta don ku cuce mu. Kyan tufa ba ga tsada yake ba, ga ido yake. Ni na ga inda akan sauke irin kayan ga daga jirgi."

"To Allah shi ba da sa'a. Amma abu guda, kada ka bari ruwa shi taɓa ta."

"Rigar da ba a wankewa? Wani ƙaton Bature ya yi shekaru yana zuhwa a ciki, in ɗauka in kai gaban surukina haka?"

A nan kam ba zan zarge shi ba, don kwat ɗin tana warin dilar gwanjo, irin warin nan da ke riga mutum shiga ɗaki. Amma wanki ma iri-iri ne. Magagi ya tafasa ruwa, ya zuba garin sabulu kamar na wankin zannuwan asibiti, ya jiƙa ta, ya dirje, ya matse har tana kuka, ya shanya a rana. Da ta bushe muka je gani. Yadin waje ya tsuke, shafin ciki bai tsuke ba, ya leƙo ta ƙasa yana reto kamar harshen kare. Ƙirjinta ya yi bororo-bororo inda mannen ya saki. Sheƙin da aka saye ta dominsa kuwa ya bi ruwan wanki.

Shayi ya sarƙe wani cikinmu.

"Dut cikin lissahi na," in ji Magagi. "Ku gaya min, mi ka sa shadda tsada?"

"Ƙyalli," muka ce.

"Mi ka kawo ƙyalli?"

"Ƙaro da bugu."

"To kun ba kanku amsa."

Haka ya naɗe ta ya nufi mabuga, wajen Hafizu, wanda ke buga wa rabin garin nan shaddar Salla. Ga wanda bai sani ba, ana jiƙa shadda ne da ruwan ƙaro, in ta sha iska a shimfiɗa ta a kan gungume, mutum biyu su yi ta dukanta da gudumar itace har ta yi ƙyalli tana ƙara. Hafizu ya ɗaga kwat da yatsu biyu, ya juya ta, ya dubi Magagi.

"Tun da ubana yak koya min aikin ga ban taɓa bugun wagga aba ba."

"Don ba ka hita ba na. A Kwatano unguwa guda ta, ba su bugun komi sai kwat. Ka ninka mata ƙaro, ina son in na tsaya mutum shi ga huskatai a ƙirjina."

"In ta lalace hwa?"

"Na ce ka buga, ni na sani."

Hafizu ya ce bisimilla. Ya tsoma ta cikin ƙaro mai kauri kamar kunu, ya ƙara tsomawa, sannan shi da abokin aikinsa suka hau ta, tim-tam, tim-tam. Dukan farko maɓalli ya fashe. Duka na biyu wani maɓallin ya yi tsalle ya sami wata tunkiya da ke wucewa. Soson da ake sa wa a kafaɗa don ta tsaya ya rasa wurin gudu, na dama ya gangara ƙirji, na hagu ya koma bayan wuya ya dunƙule. Magagi na tsaye yana ba da umarni, a ƙara nan, a sassauta can, kamar shi ya haifi sana'ar.

Gaskiya ta yi ƙyalli, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Sai dai ta zama allo. Da ya kawo ta rumfa bai nemi ƙusa ba, jingine ta ya yi da bango ta tsaya da kanta, hannuwa a buɗe. Wata tsohuwa mai raunin ido da ta kawo caji ta gaishe ta har sau biyu, ta tafi tana cewa ma'aikatan yanzu ba su da tarbiyya.

Ranar tafiya ni aka ba riƙon goro, shi ya sa duk abin da zan faɗa daga nan da idona na gani. Shigar da Magagi cikin kwat sai da muka taru, wani ya riƙe ta, wasu suka cusa shi. Ya shiga, hannuwansa suka tsaya a buɗe, ba su sauka ba, ba su lanƙwasa ba. Gaba kuma ya ƙi haɗuwa, ga tsukewa ga babu maɓalli ko ɗaya. Sai ya hango mai ɗinkin takalma na bakin tasha.

"Zo ka ɗinke min gaban ga."

"Kana ciki?"

"To da ina waje mi za a ɗinke?"

Ya shaƙi iska ya haɗiye tumbi, mutumin ya sa basilla da zaren takalmi, irin wanda ko haƙorin kura ba ya tsinkawa, ya ɗinke shi tun daga ƙirji har cibiya.

Kawu Kailu ya daɗe yana kallonsa. "In lokacin salla ya yi hwa, yaya za ka yi alwala?"

"Da alwalata na hito. Kuma kahin azahar mun gama, muna hanya da uwar Muna."

"Wanda bai ji bari ba ya ji hoho," in ji Kawu, ya shiga mota.

Motar Bonkuku a cike take kamar kullum. Da ƙyar aka shigar da Magagi a karkace, hannu ɗaya ya fita ta taga, ɗayan ya ratsa bayan wuyan mutum biyu. Duk ƙauyen da muka wuce sai yara su ɗaga masa hannu, suna zaton gaishe su yake. Shi kuwa har ya fara jin daɗi, ya ce mana mu gani, tun ba a je ko'ina ba an fara gane babban mutum.

Sai rana ta ɗaga. Mota ta ɗau zafi, zufa ta karyo masa, ƙaro ya ji ruwa ya tuna asalinsa. Kwat ta fara laushi tana danƙo. Wata mata a bayansa tana riƙe da kwandon kaji, duk fiffikar da suka yi sai gashi ya tashi ya sauka a kansa, kuma wanda ya sauka ya zauna ke nan. Ƙudaje suka ji labari. Mutumin da ke gefensa ya yi ƙoƙarin matsawa, ya tarar hannun rigarsa ya riga ya ƙulla zumunci da kwat, sai da aka ɓamɓare su.

"Malam, mi kash shahwa ma rigag ga?" ya tambaya.

"Ba ka san ta ba," in ji Magagi. "Ba ta kai ƙauye ba tukuna."

"Allah shi sa kada ta kai."

Da muka isa, kowa ya sauka ban da shi, bayansa ya manne da kujera. Direba ya kama hannu ɗaya, ni na kama ɗaya, muka ja. Ya fito da wani ɓarat, tare da tsumman da aka rufe kujerar da shi, shimfiɗe a gadon bayansa. Direba ya duba, ya ce a bar masa, kyauta ce.

Gidan Malam Hamidu yana bayan gari. Kawu ya ce mu bi hanya mu zagaya, a tsaya a bakin rijiya a ɗan kakkaɓe shi. Magagi ya ce a'a, ta masussuka za mu yanke, don mata su gan shi su kai wa Samiratu labari tun kafin ya isa, zuciyarta ta fara narkewa. Na ce masa iska tana kaɗowa ta wajenmu. Ya ce shi da ya zauna bakin teku ba za a koya masa iska ba.

Matan unguwa suna tsakiyar shiƙa, kowace ta ɗaga ƙwarya sama tana zubo gero, iska tana kwashe ƙaiƙayi. Ni da Kawu muka rufe fuska muka ratse gefe. Magagi ya bi ta tsakiya, ƙirji a gaba, hannuwa a buɗe, kamar mai jiran a rungume shi. Ƙaiƙayin kuwa ya rungume shi. Da ya ɓullo ta ɗaya gefen babu sauran baƙi a jikinsa, ya koma kamar tsiren da aka birkiɗa cikin ƙuli. Wanda ya sami wuya ya gangara ciki, wanda ya sami hannu ya haura hamata. Iskar da ta kawo shi kuma ta busar da ƙaro, kwat ta sake sandarewa, wannan karon tare da gashin jikinsa.

Duk wanda ya tashi a ƙasar gero ya san ƙaiƙayi. Ɗan kaɗan ya shiga wuyan riga sai mutum ya yini yana susa. Magagi yana ɗauke da na damin gero guda, kuma hannunsa ba ya kaiwa ko'ina.

Mata suka ajiye ƙore. Burinsa ya cika, labari ya riga shi isa, sai dai masu kai labarin ba su tsaya a nan ba, biyo mu suka yi, su da ƴaƴansu da karnukan unguwa.

Malam Hamidu yana zaune a inuwar dogon yaro a ƙofar gidansa, da dattawan unguwa a kan tabarmi. Al'ada ce suruki ya tuɓe takalmi tun daga nesa. Magagi ba ya iya sunkuyawa, sai ya yarfa ƙafa. Takalmi ɗaya ya fita lafiya, ɗayan ya tashi ya faɗa cikin kwanon furar liman. Ya zo durƙusawa, gindin kwat ya tokare cinya, wuyanta ya tokare haɓa, ya yi tangal-tangal ya kife a gefe, hannu ɗaya yana nuna sama. Muka tashe shi muka kafa shi a tsaye.

Malam Hamidu mutum ne mai sanyin magana. Ya gama amsa gaisuwar Kawu a tsanake, ya tambayi gida da amfanin gona, sannan ya ce, "Kailu, wanga surukina na, ko wani abu kunka kawo min in kahwa a gona don tsuntsaye?"

"Shi na, Malam. Haƙuri munka zo badawa."

Da Magagi ya yi shiru a nan, da an wuce wurin. Amma ya kwana yana haddace jawabi, har da Faransanci a ciki. Ya gyara murya.

"Mesiye, dattawa, a matsayina na mutumin da yag ga duniya..."

Kafaɗarsa ta yi wani zillo. Ya cije.

"...na zo cikin shiga ta girmamawa, wadda yanzu ita ta yayi a Kwatano..."

"Har da ƙaiƙayin?" in ji Malam Hamidu.

"Har... har da shi, Baba."

"Da gashin kaji?"

"Wanga na manyan gaske na."

Yana magana yana ja da baya kaɗan-kaɗan, har ya sami jikin bishiya. Ya fara goga baya a hankali, yana fatan ba a lura ba, can abin ya yi daɗi ya manta da jama'a, ya dinga gurzawa sama da ƙasa kamar jakin da aka sauke wa kaya. Abin da bai sani ba shi ne, cinnaku suna da hanya a jikin bishiyar nan. Suka ga an kawo musu ƙofa, suka shiga ta wuya.

Jawabi ya ƙare a nan. Magagi ya yi tsalle, ya juya, ya buga ƙafa, ya sake juyawa. Yara suka fara tafi suna bin takunsa. Liman ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa suna rawa. Samari biyu suka kama hannuwan kwat suka ja, ya kurma ihu, don da gashin hamatarsa suke ja. Aka gwada tsinka zaren gaba, zare ya ce bai san zance ba. Wani mahauci ya zaro wuƙa ya nufo cikinsa, Magagi ya ce ya yafe, gara cinnaku.

"Mai almakashi ɗaya ɗai ta a gidan ga," in ji Malam Hamidu, yana ɓare goro.

"Baba, don Allah a kira ta."

"A kira wa?"

"Uwar Muna, Baba. Don girman Allah."

Samiratu ta fito da mayafi, almakashi a hannu, Muna tana riƙe da zanenta. Yarinyar ta dubi abin da ke tsaye gaban kakanta ta ɓuya a bayan uwa. Wannan ya fi cinnaku yi wa Magagi ciwo, na gani a idonsa. Samiratu ta zagaya shi a hankali, irin zagayen da tela ke yi wa aikin da wani ya ɓata. Ta taɓa dunƙulen bayan wuya, ta ja shafin da ke reto, ta ƙwanƙwasa ƙirjin da yatsa, ya yi ƙara.

"Baban Muna, wa yaz zaɓo maka wagga?"

"Ni na. Yanke, don Allah."

"Wa yaw wanke ta?"

"Ni."

"Wa yac ce a kai ta bugu?"

"Ni na, ni na. Samiratu, suna cikin cibiyata."

"Wa yak karya kekena?"

Magagi ya dubi Kawu, Kawu ya dubi sama. Ya dube ni, na duƙufa kan ƙullin goro.

"Ai... in an bi ta lissahi, ƙarhen nai na yag gaji..."

Samiratu ta soke almakashi a ƙugu, ta kama hannun Muna, ta juya za ta shiga gida.

"Ni na!"

Ta tsaya, ba ta juyo ba. "Matan masussuka suna daga baya, ba su ji ba."

"Ni nak karya shi! Ni nak kwance shi, ya ƙi komawa, na ce ke ta. Ƙarya na yi miki gaban mutane."

"Ka iya gyaran keke?"

"Ban iya ba."

"Wankin kwat hwa?"

"Ban iya ba. Ban iya komi ba, Samiratu, gidan ma ban iya zamanai ba in ba ki ciki."

Kawu Kailu ya cire hula ya share fuska. "Jama'a ku shaida," ya ce. "Ni nar rene shi, ban taɓa jin wagga magana ga bakinai ba."

Samiratu ta sa aka kawo ruwan ɗumi a buta. Ta fara daga baya, ta tsarga kwat tun daga gindi har wuya, tana zuba ruwa tana ɓarewa a hankali kamar mai ɓare dafaffen dankali. Ta yi ƙoƙari ta daure, amma da soson kafaɗa ya faɗo ta wajen ciki, dariya ta ƙwace mata har ta zauna a ƙasa. Magagi ya fito daga ciki jajir, singileti a manne, gashin hannu wani wuri akwai wani wuri babu. Muna ta leƙo, ta gane ubanta, ta zo da gudu. Ya durƙusa, wannan karon ba tare da ya kife ba, ya ce mata ta sosa masa tsakiyar baya. Ta sa ƴan yatsunta tana susa, shi kuwa hawaye yake, ya ce ƙaiƙayi ne ya shiga idonsa.

Malam Hamidu bai tsawaita ba. Ya ce a kai keke wajen mai gyara na gaske, kuma duk matar da aka gaya wa ƙarya a Filinge a bi ta har gida a gaya mata gaskiya. Magagi ya ce ya ji ya ɗauka. Aka raba goro, liman ya yi addu'a yana ƙoƙarin kada ya dubi kwanon furarsa. Aka ba surukin ruwa ya yi wanka, aka ara masa wata tsohuwar riga ta maigidan. Kwat kuwa yara suka yi gaba da ita, kowane ɓari da mai shi.

Bayan la'asar muka kamo hanya. Ni da Kawu da Magagi a kujera ɗaya, Samiratu da Muna a bayanmu. Iska mai daɗi tana shigowa, mutumin ya ci ya ƙoshi a gidan suruki, susa ta lafa. Ba mu yi nisa ba na ji ya gyara zama, ya yi irin gyaran muryar nan da muka sani.

"Kawu, ka dai ga aiki da lissahi ko? Wasu sai su yi wata suna jeka-ka-dawo kan biko. Ni tun ranar da niz zaɓi kwat ɗin ga na san..."

Daga bayanmu muka ji ƙyas, ƙyas. Samiratu ce ta buɗe almakashi ta rufe, tana kallon taga.

"Mi kac ce, Baban Muna?"

Magagi ya leƙa waje, ya daɗe yana duban gonaki.

"Cewa na yi, Bonkuku sun samu gero bana."